Ƙuryar Ɗaki da Ƙuryar Zuciya: Abin da Maƙwabtanmu Kirista Suke Ji a Linjila

  Yau gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Ƙaraye da Rogo, domin can zancen namu ya nufa.

Da yawa daga cikinku a wannan yanki kun san matar da take sallama ta shigo muku da hatsi ko daddawa ko itace, ku yi ciniki, ku gaisa, ta tambayi yara da sunansu, amma ran Lahadi ba a ganinta saboda ta tafi coci. Wata kuma ita ce ma'aikaciyar jinyar da take duba ki ranar awo. Hausa take yi irin taki, sunanta ma wataƙila Saratu ne ko Talatu ko Ladi. Shekara da shekaru ana tare, amma in aka tambaye ki me ake karanta mata a cocin nan, sai ki ce oho. Ke kina cikin gida, ita kuma ba za ta fara miki zancen ba saboda kawaici. To yau ɗan ɓangare ɗaya kawai zan ɗauko, wato abin da littafinsu yake faɗa a kan zuciya, yadda take tsakaninta da Allah, da yadda take tsakaninta da mutane.

Bari mu fara da ko su wane ne. Akasarin Kiristocin ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ba baƙi ba ne, Hausawa ne 'yan asalin wurin, jikokin Maguzawa, manoma masu zama a manyan gidaje na gandu. 'Yan mishan na SIM, ƙungiyar da aka kafa a 1893, sun daɗe ba a ba su izinin aiki a cikin masarautu ba. A 1937 ne suka karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, daga nan kuma suka buɗe tashoshi a karkarar Kano, Ƙaraye na ciki. Cocin ECWA da ya fito daga wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa a 1954, kuma akwai makarantarsu ta horar da masu wa'azi a Tofa. Littafinsu, wanda suke kira Littafi Mai Tsarki, an buga shi cikakke da Hausa tun 1932. Don haka da Hausa suke sujada, da Hausa suke waƙa, matansu kuma suna da ƙungiya da ake kira Zumuntar Mata, masu anko da ziyarar marasa lafiya da gidajen rasuwa.

Kafin wata ta ce yau kuma wa'azin Kirista aka koma yi a filin, a'a. Bambancin aƙida yana nan, kuma babba ne. Mu Musulmi mun yi imani Annabi Isa, alaihissalam, bawan Allah ne kuma manzonSa. Su kuwa Yesu Almasihu suke kiransa, suna kuma ba shi matsayin da mu ba mu yarda da shi ba. Malamanmu suna da maganarsu a kan Linjilar da ke hannun mutane a yau. Wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne ki san abin da maƙwabciyarki take ji, yadda ita take fahimtarsa.

Linjila a wurinsu littattafai huɗu ne: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. A sura ta 7 ta Markus akwai labarin da kusan shi ne tushen maganar zuciya gaba ɗaya. Malaman Yahudawa, waɗanda ake kira Farisiyawa, sun ga almajiran Yesu suna cin abinci ba su yi irin wankin hannun da al'adar magabata ta tanada ba, sai suka yi ƙorafi. Amsar da aka ba su ita ce, abin da ya shiga baki ciki yake wucewa ya fita, ba ya taɓa zuciya. Abin da yake ɓata mutum daga ciki yake tasowa, aka kuma jero su: hassada, girman kai, yanke, ha'inci, kwaɗayi, sata, zina, kisan kai da sauransu. Ki lura fa, an sa hassada da yi da mutum a layi ɗaya da kisan kai. Wato rijiya ɗaya ce, guga ne kawai ya bambanta.

A nan bari in yi saurin cewa ba wankin hannu na tsabta ake nufi ba. Kar wata ta ji wannan ta bar yara su ci tuwo da hannun da suka yi wasan ƙasa, ga damina ga amai da gudawa. Wankin da ake magana a kai na ibada ne, irin na al'adarsu.

Wannan karatu yana da nauyi na musamman ga mutanen da kakanninsu suka bar Maguzanci. Lokacin da mutum ya shiga coci, abin da ido yake gani shi ake fara dubawa: ya bar giya, ya bar yanka wa iskoki, ya bar tsafin gida. Waɗannan ana iya ƙirga su, maƙwabci ma zai shaida. Amma tulun giya ana fasa shi a yini ɗaya, ƙullin da ke tsakanin mace da faccalarta kuwa yakan kai shekara goma yana nan daram. Masu wa'azinsu sun san haka, shi ya sa suke yawan komawa kan wannan sura.

Sai kuma wurin da na fi so ku saurara, domin kamar da masu zaman cikin gida ake. A Matiyu sura ta 6 an ɗauko ibada uku, sadaka da addu'a da azumi, aka ce kowacce a yi ta a ɓoye. Mai sadaka kar ya yi shela, mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai don kar a gane, mai addu'a kuma ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Masana sun ce kalmar da aka yi amfani da ita a Girkancin asali tana nufin ɗakin ajiya na can ciki, irin wanda ake sa hatsi, wato ƙuryar ɗaki ke nan a wurinmu. Dalilin da aka bayar shi ne, wanda ya yi don mutane su gani ya riga ya karɓi ladansa a hannun mutane, babu sauran wani abu da yake bi. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. Riya muke ce masa, kuma duk wadda ta je Islamiyya ta san hadisin farko na Arba'una a kan niyya yake.

To amma ga tambaya. Mace mai kulle, wadda sallarta ma a ɗaki take yi, ai ta tsira daga riya ke nan ko? Ina! Tsakar gida ma kasuwa ce. Akwai mai azumin Litinin da Alhamis da sai duk gidan ya sani, saboda tsaki da kwanciya a tabarma. Akwai mai kai gudummawar biki da za ta tabbatar an ɗaga turmin atamfar sama an faɗi sunanta. Yanzu kuma ga waya, a ba marayu abinci a ɗauki hoto a tura WhatsApp. Katanga tana hana idon namiji, ba ta hana son a sani.

Labarin da ya fi fito da wannan fili yana Luka sura ta 18. Mutum biyu suka shiga Haikali, wato babban ɗakin ibada na Urushalima, birnin da muke kira Ƙudus. Ɗaya Bafarisiye ne, ɗaya mai karɓar haraji. Sai kin san yadda ake kallon mai karɓar haraji a lokacin kafin labarin ya shige ki: ɗan ƙasa ne da yake tara wa Rumawa 'yan mulkin mallaka kuɗi, yana kuma ƙara nasa a kai, don haka maci amana ake ɗaukarsa. Bafarisiyen ya tsaya yana gode wa Allah da bai yi shi kamar sauran mutane ba, ya ambaci azuminsa sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa daga duk abin da ya samu, har ya waiwaya ya nuna mai harajin a matsayin misalin irin waɗanda ya fi. Shi kuwa mai harajin can nesa ya rakuɓe, ya kasa ɗaga kai, yana dukan ƙirji yana roƙon a ji tausayinsa don ya san shi mai laifi ne. Aka ce shi ne ya koma gida karɓaɓɓe.

Abin da yake ba ni tsoro a labarin nan shi ne Bafarisiyen bai yi ƙarya ba. Azumin ya yi, zakkar ya fitar. Godiya ma yake yi wa Allah. Amma godiyar tasa sai da ta taka wani kafin ta miƙe. Ya zo gaban Allah, idonsa na kan mutumin da ke bayansa. Ku faɗa mini gaskiya, sau nawa muke cewa "Alhamdu lillahi, ni dai ba irin wance ba ce"? Wadda aka sako, wadda 'yarta ta yi abin kunya, wadda ba ta iya karatu ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, kuma a Matiyu sura ta 7 akwai kwatankwacinsa, na mai gungume a idonsa da yake son cire ɗan haki a idon ɗan uwansa. Kiristoci suna da wata dabara da suke faɗa wa junansu a kan wannan labari: da zarar ka ji daɗi a ranka cewa kai ba kamar Bafarisiyen nan ba ne, to ka zama shi.

Akwai kuma gwauruwar da ta jefa 'yan ƙananan kuɗin tagulla biyu a akwatin baiko, a Markus sura ta 12. Biyun a haɗe kashi ɗaya ne cikin 64 na ladan ɗan ƙodago na yini guda. Aka ce ta fi masu kuɗin bayarwa, saboda su daga rara suka ɗiba, ita kuwa iyakar abin hannunta ke nan. Mai ƙullin ƙuli-ƙuli da ɗan dambu a cikin gida ta gane wannan lissafi ba sai an yi mata bayani ba.

Duk wannan tsakanin mutum da Allah ne. To ina mutane? A nan ne Linjila take ɗaure abu biyun da igiya ɗaya. A Matiyu sura ta 5 an ce in mutum ya kawo hadayarsa gaban bagade, wato wurin yanka, sai ya tuna ɗan uwansa yana da ƙorafi a kansa, to ya ajiye hadayar a nan, ya je su shirya tukuna, sannan ya dawo. Ki duba abu biyu. Na farko, ba a ce in kai ne aka ɓata wa ba, cewa aka yi in wani ne yake jin ka ɓata masa. Na biyu, a ƙasar Galili aka yi wannan magana, bagaden kuwa yana Urushalima, tafiyar kwana uku ko fiye a ƙasa, nisan da ya fi na Ƙaraye zuwa birnin Kano. Wato a bar rago a ɗaure, a koma gida a ba da haƙuri, a sake dawowa. Saboda wannan ne a coci da yawa, kafin a ci abin da suke kira Jibin Ubangiji, ake gargaɗin masu gaba da juna su shirya tukuna. Mu ma an hana mu ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, amma ku da kanku kun san gidajen da ake shekara ana tuƙa tuwo a murhu biyu ba a ga maciji.

Wata za ta ce ai su ba su da kishiya, me zai haɗa su gaba? Gaskiya ne coci mace ɗaya ya yarda da ita. Amma gidan gandu gidan gandu ne. Ga uwar miji, ga matan 'yan uwan miji, ga rabon hatsi daga rumbu ɗaya, ga faɗan yara da yake zama faɗan iyaye. Zo mu zauna zo mu saɓa bai san addini ba.

Maganar yafiya kuwa da lissafi aka yi ta. A Matiyu sura ta 18 Bitrus, babban almajiri, ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa mutum, yana ganin ya yi ƙoƙari. Aka ninka masa lambar har ta wuce a riƙa ƙirgawa, sannan aka ba shi misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan yini ne na ɗan ƙodago, don haka talanti ɗaya kaɗai aikin kusan shekara 20 ne. Bashi ne da ko jikokin jikoki ba za su biya ba. Sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya sai ya ci karo da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Da sarki ya ji, sai ya dawo masa da bashinsa. Ƙarshen misalin ya ce yafiyar da ake nema ta cikin zuciya ce. Kun san irin tamu: "Na yafe, amma kar ta sake taka mini ɗaki."

Sai dai a nan ina da magana, kuma ina yin ta ga Musulma da Kirista baki ɗaya. Sau da yawa kalmar haƙuri da yafiya mace kawai ake karanta wa. A doke ta, a hana ta abinci, in ta kai ƙara a ce ta yafe. Wannan surar da kanta ba ta ce a yi shiru ba. Kafin misalin bashin an tsara yadda ake bi in an cuce ka: ka same shi ku biyu ka faɗa masa, in ya ƙi ka zo da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban jama'a. Yafiya tana hana ramuwa da riƙo, ba ta hana a kira waliyyi ko mai unguwa ko dattawan coci. Wadda ake cutarwa ta yi magana.

Labarin da matan Zumunta suka fi muhawara a kai, ina jin, shi ne na Marta da Maryamu, a ƙarshen Luka sura ta 10. Ya da ƙanwa ne, aka yi musu baƙo, Yesu ke nan. Marta ta shiga hidimar abinci, Maryamu ta zauna tana sauraron karatu. Da aiki ya sha kan Marta sai ta zo ta yi ƙorafi, a sa ƙanwar nan tata ta tashi ta taya ta. Aka amsa mata da cewa ta cika damuwa da abubuwa da yawa, Maryamu kuwa ta zaɓi rabo mai kyau. Ni dai duk lokacin da na ji labarin nan tausayin Marta nake ji. Wa zai ci karatu in ba a ɗora tukunya ba? Duk wadda ta taɓa yin girkin suna ita kaɗai, hayaƙi na cin idonta tana jiyo shewar 'yan uwa a ɗaki, ta san abin da ya taso wa Marta. Masu fassara da yawa sun ce ba aikin aka zarga ba, tunda a wannan surar dai aka yabi mai hidima ga wanda ya ji rauni. Abin da aka taɓa shi ne yadda hidimar ta juye ta zama ƙunci, har mai yi don girmama baƙo ta koma tana tuhumar baƙon da rashin kula. Akwai kuma wani abu da bai kamata ya wuce mu ba: a zamanin da zama gaban malami na maza ne, mace ta zauna neman ilimi, aka nemi a tashe ta zuwa madafa, aka ce a bar ta. Maigidan da yake hana ki Islamiyya ko makarantar yaƙi da jahilci saboda girkin rana, a gaya masa.

Mai hidimar da na ambata shi ne Basamariye. Wani malami ya ce doka ta taru a ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, sannan ya tambaya wane ne maƙwabcin. Aka ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Manyan masu hidimar Haikali biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya ɗora shi a dabbarsa, ya biya masa kuɗin masauki, Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa suke ɗauka masu gurɓataccen addini, ko ƙwarya ba sa haɗawa da su. Samariyawan nan har yau akwai sauransu a kusa da Nabulus, ba su kai dubu ba. Wanda aka zaɓa ya zama abin koyi a labarin shi ne mutumin da mai sauraro ya fi rainawa.

Ko Kiristocin suna aiki da duk wannan? Kamar mu ne, akwai na ƙwarai akwai na banza, akwai mai haddace aya yana gaba da uwarsa. Mun kuma ga abin da ya faru a birnin Kano a watan Oktoba na 1991 da watan Mayu na 2004, lokacin da aka zubar da jini da sunan addini. Samarin da suke fita a irin wannan rana, na kowane ɓangare, a tsakar gida suka fara jin yadda ake kiran mutanen ɗaya ɓangaren. Yaron da ya ji uwarsa ta karɓi daddawa da fara'a, mai daddawar na fita ta ce "arniyar nan", ya koyi abu biyu a lokaci ɗaya, kuma na biyun ne zai riƙe. Kalmar nan tana yi musu ciwo ƙwarai. Su Kirista suke kiran kansu, wasu kuma Masihiyawa, daga sunan Almasihu, har akwai ƙungiyarsu mai suna Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. In kuwa kin san sunan ɗanta na fari, to ki kira ta da shi kamar yadda ake kiran kowace uwa.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙa ko saƙon waya kamar yadda aka saba.